Gaisuwa ga Mai Martaba Shafin Rajista

Allah ya ja zamanin Shafin Rajista, sarkin da ba shi da zaure balle dogari, mai fada a cikin iska, gwarzon da ake kai wa gaisuwa da ƙarfe ukun dare. Ni mutumin Gure ne, talaka daga cikin talakawanka na gabas. Tun bara nake ɗauke da godiyata ina neman inda zan sauke ta, ban samu ba, domin ba ka da ƙofar da mutum zai cire takalmi ya durƙusa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sanadin sanina da kai ɗiyar ƙanwata ce. Yarinyar ta ci bak a zama ɗaya, aka yi guɗa a gidan har maƙwabta suka shigo, ta kuma samu gurbi a wata jami'a daga cikin jami'o'in ƙasar nan. Sai sanarwa ta zo cewa an daina rajista da hannu. Suna, fanni, darussan da za a ɗauka, jadawalin mako, duka a wurinka ake samunsu ta intanet. Aka ce an naɗa ka ne domin a hutar da ƴaƴan nesa, mu kuwa mu ne ƴaƴan nesa. Daga Gure zuwa Damagaram kimanin kilomita 160 ne, zuwa Yamai kuwa sai an haura dubu. Ranar da muka ji labarin, uwar yarinyar ta ɗaga hannu sama ta ce Allah ya kawo mana sauƙi har ɗaka. Ga shi ta faɗa da bakin mala'iku, domin tun daga ranar sauƙin nan ya shigo mana ɗaka ya zauna, ko barci ba ya barin mu yi.

Abin da ya fara ƙayatar da ni a sarautarka shi ne mazarinka. Da zarar an taɓa sunanka a salula sai wata ƴar da'ira ta fito tsakiyar allo ta kama juyawa. Kakanninmu mata sun yi kaɗi a ƙasar nan, amma mazarinsu na kwaɗayi ne, ba ya juyawa sai don ya tara zare. Naka mazarin ya fi ƙarfin abin duniya. Yakan yi sa'a guda yana juyi bai tara ko sili ɗaya ba, kuɗin koneksiyon suna zurarewa, cajin waya yana sauka, shi kuwa ko gezau. Na zauna na kalle shi tare da yarinyar dare bakwai, ban taɓa ganin ya gaji ba.

Ba kuma kowane lokaci kake karɓar gaisuwa ba, haka manyan sarakuna suke. Da rana duk ƙasar tana bakin ƙofarka, sai ka rufe ta ruf don kada wani ya ce an fifita wani. Masana sirrinka, wato yaran da suka riga mu shan albarkarka, suka ce a gwada tsakanin ƙarfe biyu da kiran assalatu, lokacin da mutanen birni suka kwanta. Rezo kuma a unguwarmu ba ya son cikin ɗaki, ya fi son kan tudu. Mu da muka ɗauki yashin Gure a matsayin annoba, shekara da shekaru ana kafa masa shinge ana dasa itatuwa don kada ya cinye kwaruruwan dabino da kanwa, ashe hasumiyoyin ilimi ne Allah ya tara mana ba mu sani ba. Kai ne ka buɗe mana ido. Yanzu in ka fito cikin dare a lokacin rajista za ka hangi haske ɗis-ɗis a kan tudun yashi, ƴan mata da samari a lulluɓe cikin sanyi, kowa ya ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Malaman garin nan sun yi shekaru suna wa'azin tsayuwar dare ba su tara rabin wannan jama'a ba.

A ƙarshen shekarar 1852 wani Bature, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya taso daga Kukawa a kan dabba, ya yada zango a Gure, ya samu ganin Muniyoma Koso a fadarsa, ya wuce ya isa Damagaram, duka cikin wata guda. Wannan ya nuna arhar sarautar da. Baƙo daga uwa duniya, ba dangi ba sani, ya zo yau gobe ya ga sarki. Ɗiyar ƙanwata haifaffiyar garin ce, da takardunta cif, ta yi mako biyar ba ta wuce shafinka na biyu ba. Wannan shi ake kira kwarjini.

Da muka ga salula ba ta isa ta tsaya a gabanka ba, domin maɓallin da ake dannawa a wuce gaba yakan ɓuya a can gefen allo inda yatsa ba ya kaiwa, sai muka nufi shagon mai sibar. A nan na ga yadda kake rayar da sana'a. Yaro ne matashi da kwamfuta biyu da injin bugawa da ƙaramin janareto, amma a makonnin rajista ko alƙali bai kai shi cika ba. Dattawa suna zaune a benci suna jiran ya ɗago kai. Ka ce dole kowane ɗalibi ya kasance da adireshin imel, yawancin yaran ƙauyukan Kelle da Bune kuwa ba su taɓa buɗe shi ba, sai ya buɗe musu, ya zaɓa musu lambar sirri, ya rubuta a wani littafi mai bangon shuɗi da yake ajiyewa a aljihun tebur. Sirrin karatun rabin ƴaƴan gundumar yana cikin littafin nan. Ranar da ya tafi suna a ƙauyensu da makullin a aljihu, ilimi mai zurfi ya tsaya cik a Gure har kwana biyu. Wane sarki ne ya taɓa ɗaukaka talaka irin haka? In kuran ya ɗauke a tada janareto, kuɗin mai a kan ɗalibi, ga shi matatar mai ta SORAZ tana nan cikin jiharmu tun 2011, ka ga kuɗin bai fita waje ba. Ko a watannin da Nijeriya ta yanke wa ƙasar nan wuta, daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024, an ba ni labari ba ka rage ko sharaɗi ɗaya daga cikin sharuɗɗanka ba. Namiji ba ya sauya magana don an shiga duhu.

Sai batun suna, inda adalcinka ya fi fitowa. Mu a nan mutum ɗaya yakan zama Mahamadou a takardar haihuwa, Mamadou a takardar firamare, Mohamed a ta bak, gwargwadon kunnen wanda ya riƙe alƙalami a ranar. Akawun da, mai rauni, yakan dubi fuskar yaro ya gane duk shi ne. Kai ba ka da wannan rauni. Harafi ɗaya ya sha bamban, ka ce ba ka san shi ba, ko da kuwa a gabanka aka yanke masa cibiya. Sunan ɗiyar ƙanwata yana da ɗigo biyu a kan wani harafi, irin rubutun faransanci, sai ka mayar da harafin wata alama mai kama da ƙugiya, sannan ka ce sunan bai dace da na takarda ba. Ka ɓata da hannunka, ka kuma kama ɓarnar da idonka. Ban san wani ma'aikaci da yake binciken kansa da irin wannan tsanani ba.

Akwai kuma ƴaƴan karkara da ba a yi musu takarda ranar haihuwa ba, sai daga baya aka je kotu aka karɓo, aka rubuta musu ɗaya ga Janairu. Da yawansu sunan uba ɗaya ne da na wani, sunan yanka ma ɗaya. Idan na farko ya shiga, na biyu ya zo, sai ka sanar da shi cikin ladabi cewa ya riga ya yi rajista. Yaro yana tsaye da ƙafafunsa bai yi komai ba, ka ce ya gama. Wasu suna kiran wannan kuskure. Ni na ɗauke shi a matsayin haɗa kan ƙasa: mutum biyu, uku, sun zama ɗaya, kujera ɗaya ta ishe su.

Duk wannan kuwa da faransanci kake yinsa, faransanci mai tsabta irin na ofis. A watan Maris na 2025 aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, talakawa suka yi ta murna a gidajen rediyo. Kai ba ka bi yayi ba. Uwar da ta sayar da akuya don a biya ka ba ta da ikon karanta ko kalma ɗaya daga amsar da ka ba ta, kuma hakan rahama ne, domin da ta ji abin da ka ce da ranta ya ɓaci. Yarinyar ce take fassara mata. Ta ce, “Inna, ya ce a sake gwadawa an jima.” Uwar ta ce, “To, ai ya yi magana mai daɗi. Allah ya kai mu an jiman.”

Hoton fuska ma sai da ka koya mana tawali'u a kansa. Wanda aka ɗauka da waya ka ce ya yi nauyi. Aka rage shi, ka ce ya yi nauyi. Mai sibar ya yi ta matse shi har fuskar ta koma kamar an hango ta cikin hazon hunturu, ba ido ba hanci, sannan ka karɓa. Da wannan hoton za a shaida ta ranar jarrabawa.

Ranar da muka kai ga biyan kuɗi ba zan manta da ita ba. Aka tura kuɗin akuya, saƙo ya shigo waya cewa sun fita, kai kuma ka ce ba su iso ba. Tsakanin fita da isowa akwai wani sarari da ba a taɓa auna faɗinsa ba, a nan akuyar take kiwo har yau. Yarinyar ta dube ni ido ya ciko, ta ce, “Kawu, yanzu wa za mu tambaya?” Na ce, “Ɗiyata, ba a tambayar sarki.” Akwai lambar waya a ƙasan shafinka, an rubuta cewa ta masu neman taimako ce. Na kira ta sau da yawa. Tana ƙara da murya mai sanyi har ta gaji ta katse, ba a taɓa wulaƙanta ni da amsa ba.

Masu hassada sun yi ta yaɗa cewa zuwanka zai kashe layi, ya kashe hatimi, ya raba mu da gadon da muka ci daga Turawan mulki. Sun ji kunya. Bayan an gama da kai sai ka ce a buga takardar, a haɗa da kofen takardun da aka kai meri aka manna musu tambur aka sa hannu, a zuba cikin shemiz, a kawo ofis da ƙafa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kai kuwa ka haɗa mana duka biyun, aiken da zuwan. Muka ranci kuɗi muka biya karo na biyu, muka hau mota tun duhu, muka bi ta Gidigir da Gidimuni da Mirya, muka ci gaba har inda jami'ar take. Layin da muka tarar ya fi na zamanin da tsawo, domin yanzu ya kasu biyu, na masu kawo takarda da na waɗanda ka ce ba ka san su ba. Mai shayi da mai ƙosai da mai fotokofi a bakin ƙofa duk suna sa maka albarka.

Amma duk abin da na lissafa share fage ne. Gwanintarka ta gaskiya tana cikin jadawali, a nan ne ake sallama maka.

Tun da ƙasashen UEMOA suka amince a 2007 su bi tsarin da ake kira LMD, wanda ya samo asali daga yarjejeniyar Bolonya ta 1999 a Turai, karatun lisans ya zama zango shida, kowane zango kiredi 30, jimla 180. Lissafi ne mai kyau, an yi shi a ƙasashen da ɗakunan karatu suke jiran ɗalibai. Kai ne aka ɗora wa nauyin sauke wannan lissafi a kan amfi ɗaya da ɗakuna ƙalilan, ka kuwa sauke shi ba tare da ka tambayi ko kujera nawa ne a ciki ba. Wata maƙwabciyarmu da ɗanta ya samu shiga ta nuna mini jadawalinsa. Ranar Talata da ƙarfe takwas yana da darasi biyu, dukansu na dole, ɗaya a wannan gini ɗaya a wancan, kuma kowane malami yana kiran suna. A da sai waliyyai ake ba labarin an gan su a wuri biyu a lokaci ɗaya. Kai ka ɗauki wannan karama ka raba wa ƴan shekarar farko kyauta. Ranar Juma'a kuma ka sa masa darasi daidai lokacin da liman yake hawa mumbari, domin a san wanda imaninsa ya yi ƙarfi, ko a wane ɓangare.

Ɗakin da ka rubuta masa na ranar Laraba, da ya je sai ya tarar da wani aji a ciki, su ma kai ka aiko su. Aji biyu, malami biyu, allo ɗaya, aka tsaya kallon-kallo, kowa da shaidarka a waya. Da yake shekarun karatu sun hau kan juna saboda yajin aiki da jinkiri, har akan samu waɗanda suka ci bak a shekaru daban suna zaune a aji ɗaya, ɗalibai sun ninka kujeru. Saboda haka yaro yakan je tun asuba ya ajiye takalmi ko bulo a kan kujera, ya tafi salla. A allonka kuwa an rubuta cewa akwai sauran gurbi. Gaskiya ka faɗa, akwai gurbi a taga, akwai a bakin ƙofa, akwai a gindin bedi inda ake jiyo muryar malami in iska ta juyo.

Wani darasin ka shimfiɗa shi a jadawali mako goma sha biyu, sa'a biyu kowane mako, gwanin sha'awa. Malamin kuwa na aro ne, daga wata jami'ar yake zuwa, sai ya sauka ranar Litinin ya zuba zangon gaba ɗaya cikin kwana shida, safe da yamma, ya hau mota. Kai ba ka kula ba, ka ci gaba da nuna darasin kowace Alhamis har ƙarshen zango, kamar mai tsaron kabarin da ba kowa a ciki. Jadawalin da ake bi a zahiri yana WhatsApp, shugaban aji ne yake turo shi da sha biyun dare, ya sauya shi da shidan safe. Wanda ba shi da kuɗin koneksiyon a daren ya wayi gari an yi jarrabawa. Da wani ƙaramin ma'aikaci ne aka yi wa haka, a bar nasa jadawalin a bi na yaro, da ya yi fushi ya gyara aikinsa. Kai ka fi ƙarfin fushi, ka fi ƙarfin gyara.

Babbar kyautar da ka yi wa manya kuwa ita ce hutun fuska. A da in takardar yaro ta ɓata akwai wanda ya ɓatar da ita, yana da suna, yana da unguwa, ana iya haɗuwa da shi a wurin jana'iza a ce masa bai kyauta ba. Yanzu ka shiga ofis ka faɗi kukanka, sai a juyo maka da allo a buɗe hannu a ce, “Malam, ba mu ba ne, na'ura ce.” Wanda ya sayo ka, da wanda ya karɓi kwangilarka, da wanda ya sa hannu cewa kana aiki ba tare da ya taɓa gwada ka daga wani ƙauye ba, duk sun shige bayanka sun sha inuwa. Ɗaliban ƙasar nan ba su da tsoro. Ranar 9 ga Fabrairun 1990 sun hau gadar Kennedy a Yamai da kokensu, aka harbe uku daga cikinsu, ƙasar kuma ba ta koma yadda take ba. Waɗancan sun san ƙofar da za su nufa. Jikokinsu in sun fito yau, ina za su dosa? Ba ka da gada, ba ka da ofis, ba ka da tagar da za a jefa. Ka kawo zaman lafiyar da bindiga ta kasa kawowa.

Abdu Mumuni, ɗan Tasawa, wanda babbar jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya rubuta littafi a 1964 yana cewa a koyar da ɗan Afirka da harshensa, ya kuma ƙarar da rayuwarsa yana neman yadda ranar da take ƙona mu za ta zama wuta a gidan talaka. Allah ya jiƙansa, shi a ganinsa ilimi ne zai tashi ya je inda yaro yake. Da ya ga zamaninka da ya gane cewa akwai hanyar da ta fi wannan sauƙi. In ɗakuna sun yi kaɗan, ba sai an gina ba. In malamai sun yi kaɗan, ba sai an ɗauka ba. A kafa ka a bakin ƙofa kawai, kai za ka tace. Ɗan birni mai kwamfuta a ɗaki da yaya a ofis ya wuce cikin minti goma, ɗan Tesker da ƴar Gure su tsaya su yi nazari ko da gaske suke son karatun nan. Ba ka taɓa korar kowa ba, wannan shaida zan ba da ita ko a gaban alƙali. Su da kansu suke gajiya su koma.

Ɗiyar ƙanwata ba ta gaji da wuri ba, taurin kai gare ta. Da jerin sunaye ya fito babu nata, aka ce ta koma wurinka ta shigar da ƙorafi. Ta hau tudu dare huɗu. A na biyar ka buɗe, ka sanar da ita cewa lokacin ƙorafi ya ƙare jiya da sha biyun dare. A kan wannan kam ba ka taɓa makara ba, ko da minti ɗaya. Ƙofarka takan yi nauyin buɗewa, amma wajen rufewa ko ƙiftawar ido ba ta kai ta sauri ba.

Yanzu tana gida. Tana taya uwarta surfe, tana koya wa ƙannenta lissafi da gawayi a jikin bango, masu neman aure kuma sun fara aiko da goro, domin labari ya bazu cewa karatun ya tsaya. Iyayen da suka yi shekaru suna jin haushin lakkol ta hana su aurar da ƴaƴansu, su ma suna cikin masu yi maka addu'a. Shemiz ɗin tana ƙarƙashin katifa, an naɗe ta cikin leda saboda gara. Akuyar da ta rage a gidan ta haifi ƴa guda a farkon kaka, uwar yarinyar ta ɗaura mata jan ƙyalle a wuya, ta hana kowa ya yi maganar sayar da ita, ta ce wannan taka ce, ta baɗi.

Ranka ya daɗe, ana ba ta dusa safe da yamma.